Ƙarar gaban motar Baffa: a gano ta kafin a sake sayen ko noti ɗaya

"Assalamu alaikum Baba. Shekarata 27, ina zaune a Kurna. Shekara biyu ke nan ina tuƙa wa Baffa, wan mahaifina, Hilux ɗinsa ƙirar 2012 mai ogzilari (giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja), muna ɗauko hatsi daga ƙauyukan bayan Bichi zuwa Dawanau. Tun tsakiyar damina gaban motar ya fara ƙara. In na sha kwana sosai sai in ji ƙas-ƙas-ƙas, in kuma na faɗa rami sai in ji gum daga ɓangaren dama. Bakanike na farko ya canja shokozoba biyu, na biyu ya canja fad ɗin birki, ƙara tana nan. Na uku ya ce sai an sauke aksil ɗin gaba ɗungurungum an sa na Beljiyam. Abin da aka kashe ya kai kuɗin buhun masara huɗu. Yanzu Baffa ya fara cewa ko tuƙin ganganci nake yi, ko haɗa baki nake da makanikai. Wallahi ban taɓa cin sisinsa ba. Abu ɗaya na sani: in an yi ruwa nakan bar ta a H4, wato ogzilari, tun daga ƙauye har Dawanau, don na ga ta fi kama titi. Ban faɗa masa ba. In ajiye masa makullinsa ne, ko yaya zan yi?"

Direban Baffa, Kurna

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada ka ajiye makulli. In ka ajiye shi a daidai wannan lokaci, Baffa zai ɗauka abin da yake zargi ne ya tabbata, kuma maganar za ta shiga gida, ta je kunnen mahaifinka da na matan gidan biyu. Zargin cin amana tsakanin ɗa da baffansa ya kan daɗe bai warke ba. Motar kuwa, in Allah ya so, yini guda ya isa a san ciwonta.

Abin da ya jawo muku asara shi ne, sau biyu ana sayen kaya ba tare da an kama ƙarar ba. Kowane bakanike ya saurari labari a tsaye, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ambaci abin da ya fi yawan lalacewa, aka tafi Ƙofar Ruwa aka sayo. Ba na cewa sun cuce ku da gangan. Mai yiwuwa shokozoban sun gaji da ma, fad ɗin ma ya cinye. Amma ba su ne ke kukan ba, shi ya sa kukan bai daina ba. Na ukun nan da ke maganar sauke aksil, shi ma ina so ka tambaye shi cikin ladabi: Oga, wane gwaji aka yi da ya nuna aksil ne? In bai da amsa, a dakata da shi.

Daga yadda ka siffanta, ƙara biyu ce a motarka, kuma kowace da mazauninta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai ne ka fi kowane bakanike sanin lokacin da take yi, kuma lokacin nan shi ne rabin amsa.

Mu fara da ƙas-ƙas-ƙas ta shan kwana. Hilux irin ta Baffanka tana da shaf biyu a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, su ke kai ƙarfin inji daga aksil ɗin gaba zuwa tayoyi. Tunda tayar gaba tana juyawa dama da hagu, tana kuma hawa da sauka, dole kan shaf ɗin ya zama mai lanƙwasa. A cikinsa akwai ƙwallayen ƙarfe da ke yawo cikin giris, an rufe su da wata roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri. Muddin robar nan lafiya lau take, kan shaf ya kan yi shekaru. Ranar da ƙaya ko kara ko tsufa ya yaga ta, giris ya fice, ruwa da yashi su shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyoyin da kake bi da damina, taɓo har gindin ƙofa, sati kaɗan ya isa yashi ya cinye ƙwallayen. Daga nan duk sanda ka karya sitiyari sosai kana ba ta wuta, sai su riƙa tsalle a gurbinsu, shi ne ƙas-ƙas ɗin da ke ƙaruwa da saurin taya.

Ba ka bukatar kowa don duba wannan. Gobe da safe ka tsayar da mota a wuri mai faɗi, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka durƙusa da fitilar waya ka leƙa bayan tayar. Ka sa yatsa ka buɗa ninkin robar ɗaya bayan ɗaya, domin yagewar ta kan ɓuya a cikin ninki. Ka dubi cikin rim da jikin hannun da ke riƙe taya: in ka ga baƙin maiƙo ya fantsama ƙura ta manne masa, kamar an watsa kunun kanwa ya bushe, to ka samu shaida. Sannan ka nemi filin ƙasa da babu yara, ka sa H4, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali da giya ɗaya, hagu sannan dama, ka sake da ribas. Wani ya tsaya a waje daga gefe ya saurara. Ɓangaren da ke ƙas-ƙas zai tona kansa. Ka kuma dubi tsakiyar tayar gaba: in akwai ɗan makunni mai rubutun FREE da LOCK, to a FREE shaf ba ya juyawa ko kaɗan muddin mota tana H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, ƙarar da ta ɓace a FREE ta dawo a LOCK ta shaf ce ko ta aksil. In babu makunnin, shaf ɗinka yana juyawa kullum, ko da a H2 kake, don haka za ka iya jin ƙarar ko a cikin gari.

In shaf ne, ana canja kan da ya lalace ko shaf ɗin ɓangare ɗaya, aksil yana zamansa. Ka tsaya a kan mai gyara ya zuba giris ɗin da ake yi domin kan shaf, baƙi ne wuluk, ya kan zo tare da sabuwar roba. Ya ɗaure bakin robar da maɗaurin ƙarfe. Na sha ganin inda aka yanko robar tib ko waya aka ɗaure, wata ɗaya giris ya sake ficewa.

Yanzu ga wadda ta fi tayar mini da hankali, gum ɗin da kake ji a rami. Abubuwa da dama ne ke yin wannan kuka, wasu masu sauƙi: linkej na sandar da ke hana mota tangaɗi, bushin ɗin hannun sama ko na ƙasa, notin shokozoba da ba a ɗaure da kyau ba (tunda an taɓa wurin kwanan nan, a fara da shi), ko farantin ƙarfen da ke kare ƙarƙashin inji in kusoshinsa sun saki. Amma a cikinsu akwai bol-joyin na ƙasa, shi kuma ba a yi masa jinkiri. Shi ne gaɓar da ta haɗa hannun ƙasa da inda taya take, nauyin gaban mota a kansa yake. In ya cinye har ya fita daga gurbinsa, taya ta kan kwanta ta shige ƙarƙashin mota nan take, sitiyari ya zama ba shi da amfani.

Duk wanda ke bin titin Katsina ko na Zariya ya taɓa ganin motar da ta durƙusa da taya ɗaya a karkace kamar raƙumin da ya karye a gwiwa. Shekarun baya na tarar da irin wannan gab da shiga Dawanau, a-kori-kura ce cike da buhunan gero. Allah ya taimaka direban ya rage gudu zai sha kwana. Na tsaya, na tarar da shi zaune a bakin kwalbati hannunsa na rawa, gero ya zube a kwalta yara na kwasa da kwano. Da na tambaye shi, ya ce wata biyu yana jin gum-gum, yana ta cewa bari kasuwa ta lafa. Na ɗauki kan bol-joyin ɗin daga ƙasa, babu ɗigon giris a jikinsa, ya yi ja da tsatsa, ƙwallon ya cinye ta gefe ɗaya kamar goron da aka gatsa. Da a kan gudu 100 ya saki, da wani labarin ake yi. Don haka ka ji ni da kyau: kada ka sake ɗora wa motar nan lodi, kada ka hau babban titi da gudu, sai an duba wannan gaɓa.

Dubawar tana da ƙa'ida, kuma a nan da yawa ke kuskure. A wannan mota sifirin da shokozoba a kan hannun ƙasa suke zaune. In aka sa jak a jikin shasi aka ɗaga, sifirin zai danne hannun ƙasa, bol-joyin ya matse, ka girgiza taya ka ji ta gam alhali ya mutu. Jak ɗin a ƙarƙashin hannun ƙasa ake sa shi, kusa da taya gwargwadon iko, a ɗaga har taya ta bar ƙasa kaɗan. A ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya, a tokare shasi da abin tokare na ƙarfe. Bulo ba abin dogara ba ne, ya kan fashe ba sallama, kada kowa ya shiga ƙarƙashi a kansa. Sannan a zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya a riƙa ɗagawa ana saki, wani ya zuba ido a kan gaɓar, ko ya ɗora yatsa. In tana motsi sama da ƙasa, ko robarta ta fashe, a canja.

Kafin a sauke jak, ka kama tayar da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka girgiza ciki da waje. In da wasa, bol-joyin ne ko boris ɗin da taya ke juyawa a kansa. Wani ya taka birki ka sake girgizawa: in wasan ya ɓace, boris ne, in yana nan, gaɓa ce. Sai ka mai da hannuwanka dama da hagu na tayar ka sake. Wasa ta wannan fuska na tayarod ne ko na sandar da ke fitowa daga rak ɗin sitiyari. Ka juya tayar da hannu kana riƙe da sifirin, boris da ya lalace za ka ji gurzarsa a tafin hannunka. Duk wannan bai fi minti ashirin a kowane ɓangare ba, kuma ba a sayi komai ba.

Ba ka ambaci gunji ba, amma ka saurara ko akwai. Boris ba ya ƙas-ƙas, gunji yake yi, wuuu, yana ƙaruwa da gudun mota ko da ka sa ta a firi. A miƙaƙƙen titi da sassafe, in ka ɗan karkata hagu gunjin ya ƙaru, galibi na dama ne, domin nauyi a kansa ya koma. Taya da ta cinye tudu da kwari ita ma tana irin wannan gunji, sai dai nata ya kan canja in kwalta ta canja. A mai da tayoyin gaba baya a gani. Ka kuma bi notunan taya shida-shida da sifana tun kafin komai. Na taɓa ganin an kwance rabin gaban mota, ashe mai faci ne bai ɗaure noti ba.

Sai maganar H4, wadda ka ajiye a ƙarshen wasiƙa, na kuma san ita ta fi damunka. Gaskiya a nan ka yi kuskure, ɗana, ko da yake da kyakkyawar niyya ka yi. Ogzilarin Hilux na wucin gadi ne. Da zarar ka sa H4, farfelar gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai ƙarfin inji ga aksil ɗin gaba da na baya, sun ƙulle wuri ɗaya, dole su juya da sauri ɗaya. To amma a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin doguwar tafiya. A cikin yashi ko taɓo, taya ta kan ɗan zame ta sauke wannan bambanci. A kan kwalta mai kamu babu inda za ta zame, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarafa: shaf, kuros ɗin farfela, akwatin ogzilari, haƙoran aksil. Ka tuna ko ka taɓa jin sitiyari ya yi nauyi a kwana, mota tana tirjewa kamar an ja mata birki, tayoyi suna gurzar titi, ko lebar ta ƙi fita daga H4 sai da ka ɗan yi baya. Alamar ke nan. Yayyafin da ya jiƙa kwalta bai isa ya sa taya zamewar da ake bukata ba. Daga yau, kana hawa kwalta ka koma H2. L4 kuwa ta fita daga taɓo ce da hawan tudu da kaya, kuma sai mota ta tsaya ake sa ta.

Wannan ɗabi'a ba ita ke yaga roba ba, ba ita ke kashe bol-joyin ba, amma kan shaf da yashi ya riga ya shiga, ta kan ƙarasa shi da wuri. Tayoyi ma suna da hannu. Ka karanta lambobin da ke gefen duka huɗun. Masu lodi sukan sa duk Beljiyam ɗin da ta samu, sai ka ga 265/70R16 a baya, 245/70R16 a gaba. Tsakanin waɗannan biyu akwai bambancin tsayi kusan santimita 3, a H4 kuwa wannan na nufin gaba da baya suna ja-in-ja ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Shi aksil ɗin da ake so a sauke, yana da hanyar da ake tambayarsa lafiyarsa. A fara kwance notin zuba mai na sama, don kada a tsiyaye mai sannan a tarar na saman ya ƙi kwantuwa. Sannan a buɗe na ƙasa a tara a kwano mai tsabta. In man ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga lokacin da kuke tsallaka rafi. In akwai ɗan laushin garin ƙarfe a jikin notin, wannan ba komai ba ne. Gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ɗauka da yatsa su ne ke nuna haƙori ko boris ya tafi. Aksil da ya lalace kuka yake yi ko gurnani in yana ɗauke da ƙarfi, ba ya jiran rami ya yi gum. In mai ya fito da kyau, a zuba sabo mai lamba GL-5 a rufe, a bar aksil ya huta. A kuma sa wa kuros ɗin farfela giris ta kan nonon da aka yi musu, wanda na tabbata tun farkon damina ba a yi ba.

To, Baffa. Kada ka tare shi a rumfa a gaban yaransa da abokan ciniki. Ka same shi a gida bayan sallar isha'i, ka gaishe shi, ka fara da naka laifin tun kafin ya tambaya. Ka ce: Baffa, akwai abin da nake yi bisa rashin sani, ina barin mota a ogzilari a kan kwalta, yanzu na gane yana cutar da ita, na daina, ku yafe ni. Na san da nauyi. Amma in ya ji daga bakin bakanike daga baya, zai ce tunda ka ɓoye wannan, akwai sauran abin da ka ɓoye. Dattijon da ya yi shekaru yana auna hatsi a Dawanau ya san bambancin yaron da ya kawo kansa da wanda aka kamo.

Daga nan ka roƙe shi abu ɗaya: ya ba ka awa biyu, ya zaɓi garejin da shi ya yarda da shi, ku je tare. In ba zai samu zuwa ba, ya haɗa ka da babban ɗansa ko wani amininsa. A yi gwaje-gwajen nan a gabansa, ya sa hannunsa a taya ya ji wasan da kansa, ya ga robar da ta yage. Gani ya kori ji. Ku biya bakaniken kuɗin dubawa daban, ko bai canja komai ba, domin wanda ya san sai ya canja kaya zai ci abinci, da wuya ya ce maka babu abin canjawa. In an tashi sayen kaya, kada kuɗi ya bi ta hannunka a wannan karon. Wanda Baffa ya wakilta ya je Ƙofar Ruwa da tsohon a hannu don a gwada, a karɓo rasit, tsofaffin kayan da aka cire a zuba a leda a kai wa Baffa gida. Ba don kai ɓarawo ba ne, don zuciyarsa ta kwanta ne, taka ma ta huta.

A kan bol-joyin da tayarod, ka roƙe shi kada a bi araha. Na Beljiyam an riga an ci rabin ransa a wata ƙasa, kuma ba ka da hanyar sanin saura nawa. A sayi sabo mai kyau, a canja dama da hagu tare tunda hanya ɗaya suka sha, a sa fin ɗin da ke hana noti kwancewa, a wuce wurin alaimen a ranar, in ba haka ba sababbin kaya za su cinye muku taya.

Akwai kuma maganar da kai kaɗai za ka iya gaya masa, sai ka zaɓi lokacin da ransa ya yi sanyi. Hilux mai gida biyu kayan da aka yi ta domin ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki. Buhun masara kilo 100 ne. In ana ɗora mata sha biyar ana bi da ita ta gargadar bayan Bichi, kowane direba aka ba wa, gyara ba zai ƙare ba. Kada ka faɗa da sigar kare kai. Ka ce sawu biyu da buhu takwas-takwas ya fi arha a kan sawu ɗaya da kwana uku a gareji, shi ɗan kasuwa ne, zai yi lissafin da kansa.

Ka sayi ɗan littafi ka ajiye a aljihun mota. Ranar da aka yi juye, ranar da aka sa giris, abin da aka canja, lambar kilomita, da nawa aka biya. Duk ƙarshen wata ka nuna masa ko bai nema ba.

Ka rubuto mini bayan kun je garejin, ka faɗa mini abin da aka gani a robar shaf ta dama da kuma launin man aksil. Kafin nan, in akwai lodin da aka shirya wannan satin, a nemi wata mota ta ɗauko. Allah ya tsare hanya, ya daidaita tsakaninka da Baffa.